Baƙon Da Ya Zo Ƙirga Ungulaye

Tun ranar da baƙon ya sauko daga motar haya da doguwar jaka a kafaɗa, Mannana ta ji hankalinta bai kwanta da shi ba. Ba wani abu ya yi mata ba. Sallama ma ya yi mata cikin ladabi, ya sayi cukun akuya guda biyu bai nemi ragi ba, ya tambaye ta hanyar da ta fi sauƙin hawa Dutsen Musa. Rashin neman ragin ne ya fara tsaya mata a rai. Mutum ya zo ƙauyensu a ƙarshen kaka, bayan masu yawon shan iska duk sun watse, teku ta fara fushi, kuma bai damu da aljihunsa ba? Lallai akwai abin da ya kawo shi.

Sunansa Malam Mufaddal, wai tsohon malamin makaranta ne daga Tetuwan. Ya kama ɗaki a bayan shagon mai shayi. Kullum da hantsi sai ya hau kafaɗar dutsen, ya kafa wani madubin hangen nesa mai ƙafa uku, ya juya bakinsa wajen teku, ya zauna nan har la'asar sakaliya. Da aka tambaye shi, sai ya ce ungulaye yake ƙirgawa, manyan nan masu tsallakowa daga Sifaniya idan sanyi ya matso.

Ungulayen kam kowa ya san su. Tun Mannana tana yarinya take ganinsu suna isowa a wannan lokaci, a gajiye, su sassauka kan duwatsu su yi tsuru-tsuru. Amma ba ta taɓa jin wanda ya zauna ya ƙirga su ba, kuma ba ta ga abin da mutum zai yi da adadinsu ba in ya sani. Abin da ta sani shi ne, daga inda baƙon yake zama ana ganin komai: jiragen sintiri, bakin gaɓa, katangar iyakar Sabta, garin da ke hannun Sifaniya, da fararen gidajen tsallake waɗanda in gari ya washe sai ka rantse za ka iya taɓa su da hannu.

Waɗannan fararen gidaje su suka ɗauke mata babban ɗanta, Nuraddin. Shekarun baya ya fita da safe ya ce za shi kasuwa, bai dawo ba. An tsinci takalmansa a bakin ruwa, an ajiye su gefe guda a jere kamar na mai shiga masallaci. Ba gawa, ba waya, ba labari. Mijinta bai daɗe ba bayan nan ya rasu. Yanzu daga ita sai awakinta, sai Ayyashi, ƙanin Nuraddin, wanda ya kai munzalin ajiye iyali amma ba shi da aikin yi tun da aka hana dakon kaya a kan iyaka.

To, wannan Ayyashin shi ne ya liƙe wa baƙon. Da farko mai shayi ne ya aike shi da buta da kofuna. Kwana biyu sai ya zama ba aike, shi ke ɗaukar wa Malam jaka, tare suke hawa, tare suke saukowa. Wata rana ma ya shigo gida da wata rigar ruwan sama shuɗiya.

"Wannan fa?" in ji Mannana, tana zuba masa faten wake da man zaitun.

"Malam ne ya ba ni, Inna. Sanyi ake yi a sama."

"Haka kawai?"

"Haka kawai."

"Me kuke yi ne wai tun safe har yamma?"

"Na gaya miki, ƙirga muke yi."

"To yau nawa kuka ƙirga?"

Ayyashi ya gutsuri burodi, bai ɗago ba. "Yau ba su zo ba. Iskar gabas ce."

"Jiya fa?"

"Jiya ma."

"Wato mako guda kuna ƙirga abin da bai zo ba."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Uwa ce, ta san fuskar ɗanta in yana ɓoye abu. Ya daina yi mata gardama, ya daina ƙorafin rashin aiki, har ɗebo mata ruwa yake yi ba ta sa shi ba. Haka Nuraddin ya yi laushi kafin ya tafi.

Mutum ɗaya ne take iya faɗa wa damuwarta, shi ne Buzakri, ƙanin marigayi mijinta, masunci mai kwalekwalen inji. Tun rasuwar yayansa bai yar da su ba. Yakan biyo da yamma da ɗan kifi a leda, ya zauna a dakalin ƙofar gida ya sha shayi. Ran nan da ta kawo masa maganar, sai ya kaɗa kai, ya daɗe yana juya kofi a hannu.

"Matar yaya, ni ma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya," in ji shi. "Wa ke biyan mutum ya ƙirga masu cin mushe? Ni dai na girma a bakin ruwan nan, na san mai kallon tsuntsu, na san mai kallon jirgin sintiri. Irin waɗannan masu lallausan harshe su ake turowa su fara nazarin wuri. Daga baya sai ki ji yara sun ɓace."

"To yaya zan yi?"

"Ki sa ido dai. Ni ba na so a ce na ce."

Ta kuwa sa ido. Ta sauya wa awakinta makiyaya, ta riƙa kora su ta gefen da baƙon yake zama, duk da ciyawar can ba ta kai ta kwari ba. Takan ja malafarta ta rufe fuska, ta zauna bayan wani dutse kamar mai gyangyaɗi. Abin da ta gani bai kwantar mata da hankali ba. Malam Mufaddal yakan leƙa madubi, ya duba sama, ya rubuta wani abu. Ayyashi kuwa, nasa ƙaramin madubin ba sama yake kallo ba. Ƙasa yake kallo, wajen ruwa.

Rana ta uku iska ta kawo mata muryar baƙon yana waya, yana ɗaga murya saboda hucin iskar.

"Eh, na sani, sun taru da yawa, jira suke yi. A'a, yau kada ma su gwada, ruwa zai cinye su. Jibi dai, in ta kwanta. Ai yawancinsu matasa ne, ba su taɓa tsallakawa ba. Bara ma mun yi asarar wasu dab da gaɓa."

Sauran maganar da Sifaniyanci ya yi ta, har da dariya. Dariyar ce ta fi ƙona wa Mannana rai. Mutum ya ce an yi asarar 'ya'yan mutane, ya kuma yi dariya!

Ta kora awaki gida tun rana ba ta yi sanyi ba. Tana shiga garke don ɗauko harawa, hannunta ya taɓa wani abu mai santsi a ƙarƙashin buhunan. Ta jawo. Baƙar rigar roba ce, irin ta masu nutso, sabuwa fil, da takalman ninkaya masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Ta tsaya riƙe da su, warin robar yana hawa mata kai. Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da su yadda ta same su, ta gyara zanenta, ta nufi gidan mai unguwa.

Mai unguwa ya saurare ta yana shafa gemu. Ya ce baƙon ya nuna masa takarda ran da ya zo.

"Takarda!" in ji Mannana. "Wanda ya kai Nuraddin ruwa ma na tabbata yana da takarda. Da kunnena na ji, jibi za su tsallaka. In ɗana ya bi ruwa, wuyanka zan riƙe ranar gobe."

Ba ta ambaci rigar roba ba, don kada a haɗa da Ayyashi. Mai unguwa ya ce ta je, zai kai maganar gaba.

Ranar da baƙon ya ambata, gari ya waye tsit. Iskar gabas da ta yi kwanaki tana kaɗa ƙofofi ta ɗauke, sai wata 'yar iska mai laushi daga yamma. Teku ta kwanta lumui. Kafin Ayyashi ya fita Mannana ta leƙa garke, ta tarar rigar tana nan. Ya sha shayinsa a tsaye, ya sumbaci goshinta, abin da bai saba yi ba sai ranar salla. Ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana, sannan ta buɗe wa awaki ta bi sawu.

Tana tsakiyar hawa ta ga mota ta tsaya a ƙarshen hanya, jami'ai biyu suka fito tare da mai unguwa. Ta laɓe. Ba a jima ba sai ga su sun sauko da Malam Mufaddal a tsakiya. Ba su ɗaure shi ba, amma ɗayansu yana riƙe da wayarsa. Tsohon yana tafe yana waiwaye, yana roƙonsu.

"Don girman Allah ku bar ni zuwa la'asar, ni da kaina zan kawo kaina. Yau ce ranar! Shekara guda nake jiranta."

"Ka faɗa musu a ofis, Malam."

Sai ya juya ya ƙwala kira da iyakar muryarsa: "Ayyashi! Kada ka bar wurin nan! Ko me za a yi kada ka tashi! Ka ƙirga, ka ji ko?"

Da motar ta tafi, Mannana ta ƙarasa hawa. Ta tarar da ɗanta tsaye kusa da madubin mai ƙafa uku, fuskarsa a murtuke. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane.

"Inna, ke ce?"

"Ni ce. Gobe ma in ya dawo ni ce."

"Me mutumin nan ya yi miki?"

"Ka fi ni sani. Su wa za su tsallaka yau? Su waye matasan da ke jira?"

Ayyashi ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Idonsa ya wuce ta, ya tafi can saman teku. Ya kama kafaɗarta ya juya ta.

"Ga su nan. Ga matasan naki."

Da farko ba ta ga komai ba sai hazo-hazo a kan duwatsun tsallake. Can sai ta ga wasu ɗige-ɗige kamar an watsa barkono a sama, suna juyawa, suna hawa kan juna. Ɗigon da ya fi kowanne nisa ya ware ya miƙo, wani ya biyo shi, wani ya biyo, har suka zama igiya guda doguwa a kan ruwa. Ayyashi ya zaro wani ɗan ƙarfen ƙirga mai maɓalli daga jakar Malam, ya manna ido a madubi, babban yatsansa ya fara aiki, ƙas, ƙas, ƙas.

"'Ya'yan bana ne," in ji shi, bai cire ido ba. "Ba su taɓa ganin teku ba. A can suke taruwa su jira iska. Wanda Malam ke waya da shi yana tsallake, shi yana ƙirga masu tashi, mu muna ƙirga masu isowa."

Ungulayen suna matsowa suna yin ƙasa. A kan tudu Mannana ba ta taɓa ganin ungulu tana wahalar kaɗa fiffike ba, shanya su kawai take yi iska ta ɗauke ta. Amma waɗannan kaɗawa suke yi da ƙyar, kamar mai tuƙa kwalekwale da ya cika da ruwa. Na farko suka iso, suka wuce ta kansu ƙasa-ƙasa har tana jin shuuu ɗin gashinsu, bakunansu a buɗe. Awaki suka firgita suka cure wuri guda. Wasu ungulayen ko dutsen ba su kai ba, a kan rufin gidaje da sandunan lantarki suka zube.

"Inna, riƙi wannan." Ya cusa mata wani ƙarfen a hannu. "Waɗanda suka bi ta hagu, ta kan hasumiyar masallaci, naki ne. Kowace ɗaya ki danna sau ɗaya."

"Ni ban zo nan don..."

"Ke kika sa aka tafi da mai yi. Danna!"

Ta fara dannawa. Ba ta iya ba. Takan danna wa guda sau biyu, wasu su wuce tana kallon wasu, idonta ya cika da hawaye saboda hasken sama. Ga wuya ya ƙage. Duk da haka ba ta ajiye ba, don rabon da ta ji ɗanta ya yi mata tsawa a kan wani abu da ya dame shi har ta manta.

Wajen azahar wata igiyar ungulayen ta taso, ita kuwa ta makara, iska ta fara juyawa. Na bayansu suka yi ƙasa sosai tun suna tsakiyar ruwa. Tsuntsayen teku farare suka taso musu, suna kai musu sara. Mannana ta ƙyalla ido ta ga guda ɗaya tana ta faman kaɗawa, ƙafafunta na taɓa ruwa, ta ɗaga, ta sake taɓawa. Saura ƙiris ta kai duwatsun gaɓa, sai ta faɗa. Ta baje fikafikai a kan ruwa, kanta a sama, igiyar ruwa tana jan ta baya.

Ƙarar ƙarfen Ayyashi ta tsaya. Ya daɗe yana kallon wurin.

A lokacin ne wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Dama tun ɗazu take yi yana share ta. Wannan karon ya ɗauka, ya juya wa uwarsa baya, ya rage murya. Amma dutse ne, ba inda magana za ta ɓuya.

"Baffa, ba yau ba. Na sani, na ga ta kwanta. Na ce ba yau ba. Ba kowa a nan sai ni." Ya saurara. "To ka riƙe kuɗin, ban ce ka mayar ba. Baffa, tunda kana kan ruwa, akwai guda da ta faɗa gaban dutsen nan mai baki biyu, ka ɗauko ta."

Ya kashe. Da ya juyo, ya tarar uwarsa ta ajiye ƙarfen a ƙasa.

"Wane Baffan?"

Ya mayar da wayar aljihu.

"Ayyashi, Baffa nawa gare ka? Rigar da ke ƙarƙashin harawa, wa ya ba ka?"

Ya zauna a kan dutse, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Maganar ta fito a gutsure. Baffa Buzakri ne ya samo rigar. Shi zai ɗauke shi a kwalekwale kamar za su kamun kifi, ya kai shi inda ruwa ke ja zuwa tsallake, ya sauke shi, sauran ya ƙarasa da ninkaya. Yau da azahar suka shirya, da zarar iska ta kwanta. Hawan dutsen ma Baffa ne ya ba shi shawara, ya ce ba inda ya fi nan ganin lokacin da jiragen sintiri ke wucewa, kuma ba mai zargin wanda ke tare da mai kallon tsuntsaye.

"Malam ya sani?"

"Ban gaya masa ba."

Mannana ta tuna yadda Buzakri ya zauna a dakalinta yana juya kofi, yana cewa ba ya so a ce ya ce. A sama ungulaye suna ta wucewa, ba mai danna musu komai. Can Ayyashi ya share fuska, ya tashi ya koma kan madubi.

Bayan la'asar Malam Mufaddal ya dawo, a ƙafa, yana haki. An bincika takardunsa, an kira wanda za a kira, an ba shi haƙuri da kofin shayi. Bai ko kalli Mannana ba, wajen Ayyashi ya nufa.

"Sun zo?"

"Sun zo, Malam. Ban taɓa ganin irin haka ba."

Tsohon ya karɓi ƙarfen ya duba, ya ɗaga kai ya dubi sama wadda yanzu ba komai a cikinta sai 'yan shirwa biyu. Ya zauna a hankali. Mannana ta ga idonsa ya kaɗa, ta kawar da kai.

"Akwai inda na tsaya," in ji Ayyashi. "Na hagu kuma Inna ce ta riƙe, ban san ko daidai ne ba."

"Za mu rubuta cewa ƙirgar yau da giɓi." Sai a sannan ya juyo, ya kira ta da laƙabin girmama mata. "Lalla Mannana, an ce da kunnenki kika ji ni."

"Na ji ka ce an yi asarar wasu, ka kuma yi dariya."

"Dariyar, abokina ne ya ce matarsa ta rantse za ta sayar da madubinsa." Ya ajiye ƙarfen. "Da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ka, da ungulaye za ka ce mini. Mai gaskiya da maƙaryaci duk abin da za su ce ke nan." Ta gyara malafa. "Kai kuma ka ga yaron nan ruwa yake kallo, ba sama ba. Ko ba ka gani ba?"

"Na gani tun makon farko."

"Shi ne ba ka zo ka faɗa mini ba?"

"Ban san ki ba, ban san gidanku ba. Na ce in na tona shi zai gudu daga wurina, gara yana nan kusa da ni ina ba shi aiki. Wataƙila ban kyauta ba."

Ba ta ce ya kyauta ba, ba ta ce bai kyauta ba, haƙuri ma ba ta ba shi ba. Ta bar wa Ayyashi awaki, ta gangara bakin ruwa.

Ta tarar an taru a kan kwalekwalen Buzakri. Ya ɗauko ungulun, an rufa mata buhu a ka, tana kwance jiƙe sharkaf, ƙirjinta na hawa da sauka. Buzakri yana tsaye yana ba da labarin yadda ta kusa cire masa yatsa, ana dariya. Da ya hango Mannana sai labarin ya yanke. Ta yafito shi gefe, bayan tarin taru.

"Matar yaya, lafiya?"

"Yau da azahar ina za ka kai mini ɗa?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya ga ba wurin musu.

"Ki saurare ni. Yaron nan tafiya zai yi, ko da ni ko ba ni. Shi ya zo ya same ni. Na ce gara ni in kai shi rabin hanya, na san ruwan nan, da ya faɗa shi kaɗai daga gaɓa. Jinina ne fa."

"Shi ya sa ka nuna mini baƙo?"

"Ni ban ce ki kai ƙararsa ba."

"Yayansa fa?"

"Wa?"

"Ka san wa nake nufi. Shi ma rabin hanyar ka kai shi?"

"Wallahi tallahi, na rantse da kabarin yayana, ban san komai a kan Nuraddin ba! Haba, matar yaya! Wace irin magana ce wannan?"

Ta tsaya tana kallonsa. Rantsuwar ta fito da sauri, kamar dama tana bakinsa tana jira. Amma kuma wanda aka yi wa ƙazafi ma haka zai rantse. Ta nemi wani abu a fuskarsa da zai raba mata gardama, ba ta samu ba. Fuskar da ta sani ce tun tana amarya, gishirin teku ya cinye ta, idanu jajaye. Ta tuna ranar da aka tsinci takalman, shi ne ya fi kowa kuka, shi ne ya yi kwanaki yana zagaya ruwa da kwalekwale yana nema. A da wannan ne ya sa ta riƙe shi ɗan'uwa. Yanzu shi ne abin da ya fi tsorata ta.

"Kada ka sake taka ƙofar gidana," in ji ta.

Har yau Mannana ba ta san gaskiyar wannan magana ba. Buzakri bai sake zuwa ba, in sun haɗu a hanya yakan gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Rigar robar ta yanka ta gunduwa-gunduwa da wuƙar yankan cuku, a gaban Ayyashi, bai hana ta ba. Ungulun da aka tsamo ta yi kwanaki a wani keji a bayan shagon mai shayi tana cin kayan cikin akuya, ranar da ta murmure aka sake ta, ta bi 'yan'uwanta kudu.

Malam Mufaddal ya ƙarasa kwanakinsa har tsallakowar ta ƙare, sama ta koma ta hankaki da tsuntsayen teku. Ana gobe zai tafi ya zo sayen cuku, ya ce akwai wani tsohon ɗalibinsa a Tanja da ke neman ma'aikata a masana'antar kayan mota, ya yi masa maganar Ayyashi.

"Me za ka samu a ciki?" in ji Mannana.

"Ba komai."

"Ƙirgar ma wa ke biyanka?"

"Ba kowa, Lalla. Da kuɗin fanshona nake zuwa."

Ta ƙulle masa cukun a ganyen kaba, ta miƙa masa, tana nazarin fuskarsa. Ta yarda cewa ungulaye yake ƙirgawa, don ta gani da idonta. Amma cewa mutum zai yi abu haka kawai, wannan kam ta ajiye shi a gefe tukuna.

Duk da haka ta bar Ayyashi ya tafi. Ranar tafiyar ta raka shi har mararraba, ta ƙi komawa gida. Da motar ta zo ta riga shi isa wurin direba.

"Ɗana, ina motar nan za ta?"

"Tanja, Inna."

"Ba ta tsayawa a bakin ruwa?"

"Sai tasha."

"Ka ga wancan mai shuɗiyar riga? Ko ya ce maka fitsari yake ji, kada ka sauke shi sai tasha."

Fasinjoji suka kwashe da dariya, Ayyashi ya rufe fuska da hannu. Yaron mota ya buga ƙofa, suka tashi. Mannana ta tsaya a bakin titi tana kallon motar tana hawa tudu. Wata mata da ke jiran motar Tetuwan ta matso ta ce mata ta kwantar da hankalinta, Tanja gari ne mai albarka, nata ɗan ma can yake aiki.

"Ai ita ma Tanjar a bakin teku take," in ji Mannana.